Rubutun Baba a Ƙarƙashin Yatsun Baƙi

Anti, don Allah ki taimaka mini da shawara kafin ranar Juma'a. Abin ya tsaya mini a rai, kuma na rasa wanda zan faɗa wa. In na ce maɓallan kibod ɗin kwamfuta ne suka hana ni sukuni, kowa zai ce na rasa abin damuwa.

Ni ma'aikaciyar jinya ce. Mu biyu iyayenmu suka haifa, ni da ƙanena da muke ce wa Auta, shekara goma sha ɗaya ne tsakaninmu. Babanmu direban babbar mota ne, ya rasu a hatsari ina da shekara sha biyar, Auta yana da huɗu. Baba da girmansa ya koyi rubutu a ajin yamma, shi ya sa da manyan baƙaƙe kaɗai yake yi, yana danna biro kamar zai huda takarda. Lokacin da nake makarantar kwana, duk garin da ya sauke kaya sai ya aiko mini da wasiƙa. Guda arba'in da uku ne, suna nan cikin gwangwanin biskit. Kowacce da kalma uku take farawa: NA ISO LAFIYA.

Auta yanzu mai zane ne a kwamfuta, kuma yana cikin mutanen nan masu son kibod mai ƙwas-ƙwas, irin wanda ake cire maɓallansa ɗaya bayan ɗaya a sa wasu. Da farko wasan yara na ɗauke shi, ashe duniya ce guda. Mutum zai zana saitin maɓallai da launi da rubutun da yake so, amma kamfani ba ya kunna inji don mutum ɗaya. Sai an tara masu so, kowa ya biya tun kafin a ƙera, sannan a zauna jira wata tara ko fiye. In adadin bai cika ba, an fasa.

Bara ya ari gwangwanin, ya ce yana son karantawa. Na ba shi, har na ji daɗi. Wata biyu da suka wuce ya zo gidana da wani ɗan akwati, ya buɗe a kan teburin cin abinci. Anti, rubutun Baba ne a kan kowane maɓalli. R ɗinsa mai doguwar ƙafa, Ƙ ɗinsa da lanƙwasar ta yi kamar ƙugiya. Launin ma na motarsa ne, kore da ruwan madara. Da yake wasiƙun da Hausa ne, babu Q da X da V a ciki, sai da ya bi bayan tsofaffin hotuna, inda Baba yake rubuta lambobin motocin abokansa, ya tsinto su. Wata biyar ya yi yana wannan aiki bayan ya tashi daga ofis. A kan babban maɓallin dama kuwa, wanda ake dannawa a aika saƙo, ya sa NA ISO LAFIYA.

Na ce masa ya yi kyau, na shiga kicin na kunna famfo don kada ya ji kukana. Da na fito ne ya gaya mini cewa wannan samfuri ne kawai, mutum ɗari biyu da 'yan kai sun riga sun shiga odar.

Bayan ya tafi na shiga zaurensu na intanet da wani suna don in ga su waye. Na so in tarar da 'yan gayu marasa aikin yi, don in sami dalilin fushi. Ban samu ba. Akwai wata sakatariyar makaranta da ta ce shekara ashirin tana buga takardu, ba ta taɓa ganin Ɓ da Ɗ da Ƙ a ƙarƙashin yatsunta ba. Akwai wani da ya ce shi ma babansa direba ne. Na ga lokacin da samfurin farko ya fito koren ya yi duhu, Auta ya mayar da shi, ya fito fili ya gaya musu jiran zai ƙaru da wata biyu, duk mai son fita ya fita. Mutum uku ne kawai suka fita. Yaron da na riƙa ɗaure wa igiyar takalmi, yau shi mutane suke amince wa ba tare da sun taɓa ganin fuskarsa ba. Wallahi na yi alfahari da shi.

To amma ni aka rubuta wa wasiƙun nan. Tafiyar ƙarshe Baba bai iso ba, sati biyu ina zuwa ofishin makaranta ina tambayar ko akwai saƙona. Yanzu wani da bai san wannan ba zai riƙa dukan kalmomin nan sau ɗari a wuni, yana shan shayi.

Auta ya lura na daina ɗaukar wayarsa. Shekaranjiya ya turo saƙo ya ce ya gane ya yi kuskure da bai tambaye ni ba, kamfani yana jiran amincewarsa ta ƙarshe ranar Juma'a, kuma ba zai aika ba sai na yarda, ko da zai rushe komai. Na san zai iya. Mama ma ba ta san da maganar ba. In hana shi, ko in haɗiye?

'Yar Direba

*

'Yar Direba, ba ki rasa abin damuwa ba, kuma ban yi dariya ba.

Ƙaninki ya yi kuskure, kada ki rage masa shi don aikin ya yi kyau. Aron karantawa ya yi, ba aron bugawa ba. Amma ki dubi abin da ya yi da ya gane: ya ɗora sunansa da amanar mutum ɗari biyu a tafin hannunki. Ki kuma dubi rabon da aka yi muku. Ke kin san muryar babanku, kin san warin man mota a rigarsa. Shi ɗan shekara huɗu, me ya rage masa? Wata biyar ɗin nan da ya yi yana bin ƙafar R da lanƙwasar Ƙ, ina ganin shi ne zama mafi tsawo da ya taɓa yi da mahaifinsa.

Ni a ganina abu biyu ne kika haɗa. Siffar baƙaƙen gadonku ne ku biyu, shi ma yana da haƙƙi a ciki, kuma ke da kanki kin ga hannun da za su faɗa. Ki bar su su tafi. Kalmomi ukun nan kuwa naki ne, ke aka ce wa, ke kika jira su ba su zo ba. Ba sai kin rushe aikin ba, kuma ba sai kin haɗiye ba. Ki ce ya cire wannan maɓalli ɗaya daga saitin jama'a tun ba a kunna inji ba, ya sa wani abu a gurbinsa. In kamfani zai yarda, a buga uku kawai: naki, nasa, da na mahaifiyarku. Ya sanar da mutanensa gaskiya a taƙaice, ya buɗe ƙofa ga mai son fita. Mutanen da suka jure ƙarin wata biyu saboda launi ba za su watse saboda ya mutunta yayarsa ba.

Kada ki yi wannan magana ta waya. Ki same shi gobe, ki faɗa masa ranki ya ɓaci, ki kuma faɗa masa kin shiga zaurensu kin ga yadda yake riƙe mutane. Wannan na biyun kada ki manta da shi, daga bakinki yake jiran sa. Daga nan ku wuce wajen Mama da samfurin. Bai kamata ta ji labarin rubutun mijinta daga waje ba, kuma in ta ce wani abu, ku saurara.

In kun zauna, ki ɗauki wasiƙa ɗaya ki karanta masa a fili, yadda babanku zai faɗe ta, da inda yake jan murya da inda yake dariya. Auta ya san kowane baƙi a cikinta, amma bai taɓa jin ta ba, kuma ke kaɗai za ki iya ba shi wannan.

Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa albarka a aikin ƙaninki, ya bar ku tare.

Anti