Hoton da Za a Sa wa Furanni

Yaya Nagarathna,

Ina gaishe ki, ina fatan ciwon gwiwar ya yi sauƙi. Yaya yara?

Na gane abin da ya faru ne lokacin da na hango Kempayya, abokin aikin maigidana, yana tahowa da kwanon abincinsa ba a ko buɗe ba. Ya ce zuciya ce ta tsaya wa maigidana yana tuƙa baƙi a kwale-kwale kusa da tsibirin da shamuwa ke ƙwai. Duk idonsu na cikin kyamara, ba wanda ya lura sai da kwale-kwalen ya fara juyawa shi kaɗai.

Surukata ta ce a kawo hotonsa a rataye, a sa masa furanni kafin addu'ar kwana sha ɗaya da rasuwarsa. Na duba ko'ina. Shekara ashirin da biyu yana kai masu ɗaukar hoto wurin tsuntsaye, shi kuwa hotonsa ɗaya ne, na katin aiki, wanda ruwa ya cinye fuskar.

Ki gaishe da kowa.

Ƙanwarki,
Sarojamma

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Saƙonki ya iso.

Ranar Lahadi na shiga kwale-kwale, karo na farko. Kempayya ya ce, "Matar yayana, ki zauna tsakiya. Kadojin nan sun saba da mijinki, ke ba su san ki ba." Na ga kwasakwasa da zalɓe cike da itatuwa, ga wari. Nan maigidana yake wuni ashe.

Na bi baƙin ɗaya bayan ɗaya ina tambaya ko akwai mai hotonsa. Wani dattijo daga birnin Mysuru ya ce ya fi sau talatin yana shiga jirginsa, amma bai san sunansa ba. Ya daɗe yana bincike, jiya ya aiko mini da hoton da ya samu. Shamuwa ce ta buɗe fukafukai, fes. A gefe, dishi-dishi, akwai hannu riƙe da filafilin tuƙi. Na san babban yatsan nan da ya karkace tun yana yaro.

Surukata ta duba ta ce, "Tsuntsu za mu sa wa furanni? Me maƙwabta za su ce?" 

Ki gaishe da yara. An sa wa hoton gilashi, na buga ƙusa a bango, furannin suna cikin ruwa. Jibi ne kwana sha ɗayan. Har yanzu ban rataye shi ba.

Ƙanwarki,
Sarojamma