Rawar Lahadi da Mahaifiyar Fifamè

Tanti Léocadie, don Allah ki taimake ni, kwana shida suka rage mini.

Shekarata ashirin da huɗu, wata biyar ke nan da na gama karatun awon filaye. Ina son wata yarinya, Fifamè, ita ma tana sona, sau biyu na tambaye ta don in tabbatar. Mahaifinta, Papa Cyriaque, shi ke kaɗa fiyano a wurin rawar Lahadi ta unguwarsu, daga ƙarfe huɗu zuwa bakwai na yamma, shi da masu goge uku da mai ganga ɗaya. Kin san kiɗan: mai taushi, mai sa tsofaffi lumshe ido, can a tsakiya ya juye bolero ko ca-ca-ca.

A gidansu, duk mai neman 'yarsu sai ya yi rawa da uwar, Maman Pélagie, a gaban kowa, Papa yana kaɗawa. Idan aka gama ta ja hannunka zuwa teburinsu, to ka turo manyanka. Idan ta ce "na gode, ɗana" ta saki hannun, shi ke nan. Mazan yayyen Fifamè biyu duk ta nan suka bi. An taɓa yi wa wani malamin makaranta "na gode", har yau bai koma unguwar ba.

Lahadi mai zuwa ce ranar tawa rawar, ni kuwa ban iya rawa ba. Lahadi bakwai na yi a kusurwa da agogo da littafi ina ƙirga bugun kiɗan. Tanti, ba ya zama wuri ɗaya! Waƙa ɗaya ce, amma ranar da gwiwa ta dami Maman na ƙirga sittin da biyu a minti, ranar da ta zo da jan takalmi tana dariya kuma saba'in da huɗu. Na zana taku da alli a ɗakina, to wanne zan haddace? Fifamè ta leƙo ta gani, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, wai "Injiniya, da uwata za ka yi rawa ko fili za ka auna?" Maman ma jiya ta tsaya a kaina ta ce, "Kai mai littafi, rahotonmu kake kai wa wani?" Sai na yi maza na rufe littafin.

Dabara biyu gare ni. Ko Fifamè ta binciko mini waƙar da Papa zai kaɗa da saurinta, ko in ɗaure ƙafa in ce ɗan acaɓa ya kayar da ni, a ɗaga wata ɗaya. Wacce ta fi?

Mai Ƙirgen Taku, Kwatano

Ɗana, babu ko ɗaya. Matar da ta raini 'ya'ya mata uku daga nesa take gane ɗingishin ƙarya, kuma ba da ƙarya ake shiga gidan surukai ba. Binciken waƙar ba laifi ba ne, sai dai ba zai amfane ka ba, don Papa kansa bai san saurinta ba sai matarsa ta miƙe.

Ƙirgenka daidai ne, ma'anarsa ce ta kuɓuce maka. Kiɗan da ke sauka idan gwiwarta na ciwo, ya hau idan tana raha, ai ita yake bi. Shekara da shekaru mutumin nan yana zaune gaban fiyano wasu suna rawa da matarsa. Da yatsunsa yake tasa rawar da ita. Kai ma ita za ka bi, kiɗan zai biyo ku.

Na yarda al'adar tana da nauyi ga mai kunya irinka. Amma ba gwanin rawa suke nema ba. Maman tana so ta ji ko hannun nan mai fizgar mace ne ko mai sauraronta.

Ka goge allin yau. Kullum da yamma ku gwada da Fifamè a tsakar gida, ita ke ja, kai idonka a fuskarta. Ranar Lahadi ka bar littafin a gida, ka goge takalmi, ka ce wa Maman, "Ban iya ba, ki riƙe ni." Idan ka taka ta, ba da haƙuri sau ɗaya ka ci gaba. Kuma ka rufe bakinka, mai ƙirge a zuci leɓensa ke tona shi.

Allah ya ba da sa'a, ya sa manyanka su fara gugar rigunansu.