Jar Tawada a Kan Sunan Ladi

Zuwa ga Mai Girma Babban Malami mai duba makarantun ƙasarmu.

Ranka shi daɗe,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi, da fatan kana lafiya, kai da iyali da waɗanda ke aiki ƙarƙashinka. Ni ne Garba Maijirgi, mai fiton mutane a kogin Kwara, daga wani ɗan ƙauye cikin ƙasar Bagudo, dab da iyakar Dahome. Ajin yaƙi da jahilci na koyi riƙon alƙalami, saboda haka ka yi haƙuri da hannuna. Na aiko maka da takarda sau biyu a rufe, ban ji komai ba. Shi ya sa na bar wannan a buɗe, kowa ya karanta.

Magana ce a kan ɗiyata, wadda ake kira Ladi, 'yar aji huɗu a makarantar garinmu. Sabon hedimasta ya soke sunanta da jar tawada daga cikin masu ɗaukar jarrabawar shiga babbar firamare, wai ita ba 'yar ƙasar nan ba ce. Sauran Juma'a uku a yi jarrabawar. In ta wuce ta, karatunta ya ƙare ke nan, don makarantarmu daga aji huɗu ta tsaya.

Na ɗaya, ga yadda aka yi aka haife ta ƙetare. Ladi ɗiyar fari ce. A nan wurinmu, kamar yadda na tabbata haka yake a garinku, mace ba ta haihuwar fari ɗakin miji. Cikin na kai wata bakwai iyayen matata suka zo suka tafi da ita goyon ciki. Gidan surukaina kuwa yana bayan dutsen simintin nan na iyaka da Turawa suka kafa, wanda ke tsakiyar gonar gero ta surukina, rabin kunyoyinta nan, rabi can. In na tashi bayan sallar asuba, kafin hantsi na gaishe su na komo. Can aka haife ta, uwar ta gama wankan jego, aka maido mini su. Tun daga ranar ba ta sake yin kwana bakwai a jere wancan gefe ba.

Na biyu, yadda abin ya shiga rajista, kuma a nan ina da nawa laifi, ba zan ɓoye ba. Shekarar da mai gari ya ce kowace unguwa ta ba da yara, mutane ɓoye nasu suka yi, har da mai sa ɗansa cikin rumbu. Ni ban ɓoye ba, don na gaji da kai takarda wani ya karanta mini asirina. Amma kai ma ka san kunyar ɗan fari. Ba zan iya riƙe hannunta a bainar jama'a in tsaya gaban malami ina faɗin sunanta ba, har yau ban taɓa faɗinsa ba, Ladin ma laƙabi ne. Sai aka haɗa ta da kakarta ta wajen uwa, Inna Kande, wadda ta zo mana kwana biyu. Malamin da ke rubuta suna ya tambayi inda aka haifi yarinya. Tsohuwa ta faɗi gaskiya, har da alfahari, ta ce cikin ɗakinta, ita ta yanke cibi, ta faɗi sunan ƙauyensu. Malam ya rubuta. Shi ɗan yankin nan ne, ya san ƙauyen, ya san ni, bai ga wani abu ba. Ita kuwa Inna Kande har gobe ba ta yarda akwai wata iyaka ba, ta dai san kasuwa na nan, gona na can.

Na uku, kuma wannan shi ke ci mini rai. Shekara huɗu yarinyar nan tana cikin makarantar, ba wanda ya tuna da iyaka. Kafin a buga ƙarfen da ke rataye jikin giginya ta isa da tsintsiyarta ta share gaban aji. Ita ke cika randar malamai daga gulbi. Gyaɗar gonar makaranta, da ita aka shuka, da ita aka tuge. Ran da ake duba farce da kai ba a taɓa fitar da ita daga layi ba. Allonta ya fashe, na sassaƙa mata wani daga guntun katakon jirgi, da gawayi ta dinga lissafi a jikin bangon ɗakin uwarta har aka gaji da hana ta. Tun tana aji uku malaminsu in zai fita ita yake bar wa ƙanana ta biya musu lissafin sau biyu da sau uku. Da aka zo shirin bukin samun mulkin kai, wata guda suna fareti cikin rana, ita aka sa gaba da 'yar tutar nan kore da fari, ta dawo gida muryarta ta dushe don waƙa. Ranar ba wanda ya buɗe rajista ya ga ko ɗiyar Faransa ce ke riƙe da tutarmu. Sai da aka zo abin da zai amfane ta sannan ido ya buɗe.

Na huɗu, abin da na yi. Sau uku na ɗaure jirgina na bar mutane bakin mashaya na tafi wurin hedimasta. Zuwan farko ya ce takardar da ta zo daga ofishinka ta ce 'yan ƙasa kawai, shi kuma abin da ke cikin rajista yake bi. Na biyu na tafi da mai gari da liman, wanda ya raɗa mata suna, suka shaida ubana da kakana nan aka binne su, nan nake ba da haraji. Ya saurare su yana gyara alli cikin kwali, ya ce baki ba ya goge rubutu. Na uku ko kujera bai nuna mini ba, ta taga ya ce in kawo takardar haihuwa. Wace takarda, ranka shi daɗe? Shi kansa in an tambaye shi tasa, ban sani ba ko zai fitar. Mutumin nan bai cika wata biyar a garinmu ba, bai taɓa taka ƙafa ya ga dutsen ba. In da zai bi aji gida gida ya tambaya, da ya tarar duk ɗan farin da uwarsa ta fito ƙetare haka aka haife shi. Bambancin kawai, su sauran ba kaka ce ta kai su makaranta ba.

Don kada a ce ban gwada ba, na haɗiye fushina na ƙetara da ita makarantar Faransa da ke can. Malaminsu ya karɓe mu da mutunci, amma ya ce ubanta ɗan ƙasar Ingilishi ne, kuma ko sun ɗauke ta sai ta koma aji ɗaya cikin yaran da ba su iya ɗaura zane ba. Muka juyo. Duk hanya tana bayana. Ban taɓa jin kunyar kaina irin ta ranar ba.

Yanzu kullum tana zuwa makarantar. Tana shara, tana ɗebo ruwa. In an ware masu jarrabawa an shiga da su bita, ita sai a tura ta aji ɗaya ta tsare yara. Wato ta isa ta koyar, ba ta isa a gwada ta ba.

Ga roƙona. Ka ba da umurni a mai da sunanta kafin ranar jarrabawa. Ban ce a ba ta wuri don Allah ba, a ba ta takarda da fensir kamar kowa, in ta faɗi na ɗauka. Ka kuma aiko da wanda zai zo ya ga dutsen nan da idonsa, ni zan fito da shi kyauta. Sannan ka faɗa wa malamanka, in sun zo garin iyaka, su tambayi mutane kafin su buɗe kwalbar jar tawada. In kuwa ka duba ka ga hedimasta ke da gaskiya, to ka rubuta mini sunan ƙasarta a takarda ka buga hatimi, in san inda zan kai ta.

Allah shi ja zamaninka, shi ba ka ikon yin adalci, shi raya maka ɗiyanka su yi karatun da ya fi naka. Shekaranjiya Ladi ta aiko uwarta, don ita ma ba ta iya tsayawa gabana, wai a tambaye ni ita ɗiyar wace ƙasa ce. Na ce a gaya mata zan tambayi wanda ya sani. To, ranka shi daɗe, ga shi na tambaya.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Garba Maijirgi.