Kifayen Baba sun tona mini asiri

Okusawa,
3 ga Oktoba.

Zuwa ga Yayata Fusae,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da 'ya'ya a can Barazil. Kullum in na kunna turare a gaban hoton Baba da Inna ina roƙa miki sauƙin ciwon gwiwar nan. Mu nan lafiya lau. An gama yankan shinkafa, Tokie kuma tana nan da bakinta yadda kika san ta, shekara arba'in da aure ban taɓa cin ta a gardama ba.

Yaya, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na rasa shugabancin ƙungiyarmu ta kula da rafi, kuma gara ki ji daga bakina. Kin san shekara goma sha shida ina riƙe da ita. Lokacin da na fara tsamo tayoyi da gwangwanaye daga ruwan nan, mutane cewa suke ɗan gidan Kurata ya taɓu. Ni na bi gida gida ina roƙo a daina zuba ruwan wanki, ni na dasa itatuwa a gaɓa, har maƙesu suka dawo, ƙwarin nan masu walƙiya da muke kamawa muna yara. Sai ga wani Minowa, tsohon malamin makaranta daga Tokyo, ya sayi gidan da ke bayan gada shekara uku da suka wuce. Ya zo da kwalaben gwada ruwa da littafin ƙirga ƙwari. Ba a jima ba jarida ta buga hotonsa tsaye a kan dutsen da ni na mirgino da hannuna, ni kuwa gwiwar hannuna kawai ta fito a gefe. Matan ƙungiya suka koma Malam ya ce kaza, Malam ya ce kaza, dunƙulen shinkafa mafi girma ma shi ake miƙa wa. Ba zan ɓoye miki ba, kishi ya ci ni. Tokie ta ce ashe kumallon ba na mata kaɗai ba ne.

Sai na ce bari in yi abin da ido zai gani, tunda lambobinsa ba sa iyo. Wata safiya a watan Afrilu na kwashe manyan kifayen adon nan na Baba daga tafkin bayan gida, guda ashirin da uku, na sake su a rafi ba wanda ya sani. Nufina in 'yan jarida sun dawo in fito in ce aikina ne. Ko kwana uku ba a yi ba Minowa ya gan su, ya kama kai, wai wanda ya yi wannan ya kashe mu, don kifayen nan dodon koɗi suke ci, shi ne kuwa abincin 'ya'yan maƙesu. Ni kuwa har da girgiza kai ina taya shi tsaki. Kifayen kuma suka shige gurbin nan mai zurfi da ke ƙarƙashin wurin bautar ruwa suka yi zamansu. Da watan Yuni ya zo, inda bara muka ƙirga maƙesu ɗari takwas, bana ko ɗari ba su cika ba. Na tsaya a gada ina jin tsofaffi suna tambayar ina suka tafi.

Ranar yashe magudanan ruwa asiri ya tonu. Kin san shugaba ne yake fara tsayawa a gaban wurin bauta ya tafa sau biyu kafin a sa fartanya. To, kin kuma san da me Baba yake kiran kifayensa cin abinci. Ina tafawa ruwa ya yamutse, sai ga su sun taso sun jeru a ƙafata baki buɗe, a gaban mutum talatin. Tsohuwa Kinuyo mai sayar da waken suya ta ce kai Shigeo, 'ya'yan gidanku sun zo gaishe ka, ba ka amsawa? Duk kwarin nan ba wanda bai san kifin gidan wa ke amsa tafi ba.

Abin da ya fi ƙona ni shi ne Minowa. Nan take ya ce ai ruwan saman bazara ne ya cika tafkinmu ya kwaso su, kada a ga laifin kowa. Ya san ƙarya yake yi, tafkinmu bai taɓa ambaliya ba. Mutumin da na yi shekara uku ina jira ya yi tuntuɓe, shi ne ya rufa mini asiri, har a kirki ma ya fi ni. Wannan kam na kasa haɗiyewa. Na cire hula na sunkuya har goshina ya kusa taɓa gwiwa, na ce ni na sake su, kuma don in fi shi na yi. A taron shekara na makon jiya aka zaɓe shi, ni ma na ɗaga masa hannu, ko da yake hannun ya yi nauyi. Aikin da aka bar mini shi ne tafi. Ina tafawa, shi yana riƙe da koma, mun mayar da ashirin da biyu gida.

Saura ɗaya, Yaya, taki ce, ja mai farin goshi wadda kika raina tun tana kamar yatsa. Ta tsufa ta yi wayo, tana nan tana cinye mana dodon koɗi. Na tafa har tafin hannuna ya yi ja, ko leƙowa ba ta yi. Tokie ta tuna mini cewa tun da can tafinki kaɗai take amsawa, a hankali sau uku. Na gwada kwaikwayo, ta ƙi. Shekara talatin ni nake ba ta abinci, ke kina wata duniya, amma ke take jira. Kin ga yanzu har ke na fara kishi. Ki zo gida kafin bazara ki kira abarki, in ba haka ba baɗi gadar nan duhu za ta yi, kuma sunan gidanmu za a kira.

Ki gaida maigida Yukio, da Emiko da mijinta, da Goggo Sadako in tana gane mutane. Tokie tana gaishe ki, wai ki taho mata da kofi.

Ni ne ƙaninki mai jiran ki a bakin rafi,
Shigeo