Shi Ya Ci 412, Ni Na Ci Sifili

Anti Naliaka, ki taimaka mini, murna da kunya sun haɗe mini, na rasa wadda zan fara da ita.

Tun da wan mijina ya yanke jiki ya faɗi a gonar rake bara, ko shurawa bai yi ba, ɗanmu Wekesa ya hana mu sakat sai da muka je Kisumu aka ɗauki hoton zuciyarmu. Na'urar ta haɗiye ka ta dawo da kai, ko allura babu! Wai tana hango daskararren maiƙon da ke cikin jijiyoyin zuciya. To, sakamako ya shigo waya: Baban Wekesa ya ci 412! Anti, mutumin nan a hedimasta ya tsufa, ya san duk yaron da ya haura ɗari huɗu cikin ɗari biyar a jarrabawar firamare, a kafaɗa ake ɗaukarsa. Ya yanka zakara, ya kira maƙwabta, ya cinye ƙundu da fata, har rawa ya taka. Ni ma na rangaɗa guɗa, don tun rasuwar wansa ban ga dariyarsa ba. An ce mu koma wurin likita ranar Alhamis, ya ce wannan na waɗanda suka faɗi jarrabawa ne, shi ya gama da asibiti.

Ni kuwa sifili na ci. Yanzu 'yar bencin baya yake kirana, ko shayi na kawo sai ya tambaye ni ko na yi bita. Me zan riƙa ci makina ya tashi?

'Yar Bencin Baya, Kakamega

'Yar'uwa, sake yin guɗa, amma wannan karon taki ce. A wannan jarrabawar mai sifili ke zuwa na ɗaya. Lambar tana nuna yawan abin da ya daskare a bangon jijiyoyin da ke ciyar da zuciya. Sifili alama ce mai kyau, ko da yake ba lasisin cin maiƙo ba ne. Abin da ya haura ɗari huɗu kuwa gargaɗi ne babba cewa zuciya na iya bugawa, balle ga wanda wansa ya tafi ta wannan hanya.

Kada ki yi wa Malam dariya. Tsoro ya daɗe yana cin sa, ya ga lambar da ya saba yi wa tafi, ya rungume ta. Kuma akwai abin murna na gaske: an hango matsalar tun yana kan ƙafafunsa, damar da wansa bai samu ba. Da magani, da gyaran abinci, da tafiyar ƙafa, ana rage haɗarin sosai.

Ki kira Wekesa yau, ku faɗa masa ku biyu, ba a gaban maƙwabta ba. In ya ji nauyi a ƙirji ko numfashi ya yi masa wuya, kada ku jira Alhamis. In kuwa lafiya, ranar ki kama hannunsa har gaban likita. Ƙundu nasa ne, ba mai ƙwace masa, amma fatar ta shiga tukunyar wani.

Allah ya ba shi lafiya da nisan kwana, ya daɗe yana tsokanarki.

Anti Naliaka