Da Hannuna Na Sa Sanarwar Inna

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya ƙarin haƙurinmu? Baba yana dai cin abinci?

Ni lafiya lau, kada ku damu. Aikin laburaren ba wuya. Ni ke kula da shafin ma'aikatanmu a kwamfuta, duk sanarwar haihuwa ko rasuwa ni ke sawa. Ta Inna ma da hannuna na rubuta. Mutanen kirki ne, kowa ya danna alamar zuciya a ƙarƙashinta, har shugabarmu.

Da na koma ɗaki na shimfiɗa tabarma, na bar ƙofa a buɗe, ko wani zai shigo yi min gaisuwa. Sai da sanyi ya dame ni na rufe.

Ki ajiye min mayafinta, kada a wanke. Allah ya jiƙanta.

Ƙanwarki