Mota Ta Sha Mai, An Ce Ni Ce Mai Yawo

Assalamu alaikum Baba Hammadu, ya iyali, ya fama da jama'a? Don Allah ka taimake ni kafin Juma'a ta sama, domin in ba a riƙe ni ba, ranar nan zan yi abin da Gwarzo za ta shekara tana maganarsa. Na san ka yi shekaru a gareji kafin ka kama alƙalami, shi ya sa na kawo maka kukana.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti wajen Garo, a ƙasar Kabo, amma a Gwarzo nake aure, shekara goma sha huɗu, 'ya'ya huɗu. Da aka mayar da ni aiki Garo, maigidana ya bar min tsohuwar motarsa, shi ya koma kan babur tunda shagonsa na taki a cikin gari yake. 'Yar Kwatano ce, da tsufanta ta zo hannunmu, agogon da ke ƙirga tafiya ma ya mutu tuntuni a kan dubu ɗari uku da wani abu. Duk Lahadi shi da kansa yake zuba mata lita ashirin da biyar. Da, man nan yana kai ni aiki Litinin zuwa Juma'a, har in samu na zuwa gaida Innata a Kutama ranar Asabar.

Tun bazarar da ta wuce abu ya rikice. Man da ke yin mako ya koma ƙarewa ranar Alhamis, sau biyu tana mace min a hanya, ina tsaye a rana da fararen kaya kamar wata alama. Na ce masa motar nan ba ta da lafiya. Ya ce wace irin rashin lafiya, ai a bazarar nan ya kai ta wajen amininsa Badamasi makanike da ta taɓa ɗaukar zafi, ya tsaya a kansa ya cire mata wani ɗan ƙarfe a bakin tiyon lagireto, wai na ƙasashen sanyi ne, aka haɗa fanka darek, ta yi ta juyawa ba tsayawa. Tun daga ranar kuwa allurar zafi ba ta ko ɗagawa daga ƙasa, to ina ciwon? Wata fitila ruwan ɗorawa da ta dame shi da haske a gaban sitiyari, ya sa baƙin salatif ya liƙe ta. Ni dai na san bangon da take ba wa baya in na ajiye ta ya yi baƙi ƙirin da hayaƙi, kuma in na dawo tayar baya ta dama wari take kamar an ƙona roba.

Duk wannan mai sauƙi ne, Baba. Akwai yayarsa, bari in kira ta Yaya Uwaliya. A wajen suna, a tsakar gidansu, mata cike maƙil, ta buɗe baki ta ce ita dai ba ta ji an ƙara wa hanyar Garo tsawo ba, mota kuma ba ta ƙarya, wadda ke riƙe da sitiyari ita ta san inda take kai ta. Aka yi shewa! Ni, uwar 'ya'ya huɗu! Kafin kwana uku magana ta isa shago. Mutumin da na yi shekara goma sha huɗu ina wanke wa kaya ya zaunar da ni yana tambayata ina nake biyawa in na tashi aiki. Ya karɓe mabuɗi. Yau mako uku motar tana ajiye a gindin darbejiya, kaji na kwana a ƙarƙashinta, ni ina bin motar haya. Gaisuwa ma da ƙyar muke yi.

To ga inda zan rama. Yaya Uwaliya tana da wata lalura da take ɓoyewa, ko ƙanen nata bai sani ba. Shekara biyu ni nake karɓo mata magani in ƙunshe a baƙar leda in kai mata har ɗaki, don kada a gan ta a layi. Sakayyata ke nan. Juma'ar nan ake kamun 'yarta Naja'atu, kuma na san dangin angon, mutane ne masu tsegumi, in suka ji wallahi sai sun kwashe lefensu. Na yi niyyar in tashi a tsakiyar taro in miƙa mata ledar, in faɗi sunan maganin da abin da yake yi, a gaban mata kamar yadda ta yi min. Tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka. Ba zan rubuta maka sunan ciwon ba, na ajiye shi sai ranar. Ka gaya min gaskiya, Baba, in na yi haka na zalunce ta?

Taka, 'yarka da aka ɓata wa suna, Gwarzo.

AMSA

Wa alaikumus salam 'yata. An cuce ki, ba zan ɓoye miki ba. Jifan matar aure da irin wannan magana ba wasan suna ba ne, kuma maigidanki ya yi gaggawa. Sai dai ki yi masa adalci ɗaya: tun da aka cire tallafin mai, duk magidanci da allurar mai yake kwana yake tashi, ga agogon tafiya a mace, ga yayarsa tana zuga shi.

Yanzu ki saurara, domin shaidarki tana cikin takardarki ba ki gan ta ba. Ɗan ƙarfen da aka cire sunansa tamostat. Aikinsa ya tsare ruwa har inji ya yi ɗumi. In babu shi, ga fanka tana bugawa ba tsayawa, inji ba ya kai zafin da ya kamata, sai motar ta ɗauka kullum asuba ce, ta yi ta antaya mai. Allurar da ta kwanta a ƙasa ba alamar lafiya ba ce. Baƙin da ke bangonki man da bai ƙone ba ne. Tayar da ke wari kuwa birki ne ya riƙe, wato kullum da jan kaya kike zuwa Garo. Fitilar da aka liƙe wa baki, wata nawa tana son ta faɗi wannan.

Ga ramuwar da na yarje miki. Kada ki yi musu, kada ki ambaci yayarsa. Ki ce ya cika tanki har bakin famfo ya tsaya, shi ya tuƙa ya kai ki aiki ya dawo da ke kwana huɗu, mabuɗi ya kwana a aljihunsa, sannan ya koma famfon nan ya sake cikawa ya ga lita nawa ta ci. Gani ya kori ji. Bayan nan a kai ta wajen wani makaniken, ba aminin ba, a ɓare salatif a sa na'urar gano matsala, a mayar da tamostat, a gyara fanka, a saki birki, a duba fulogi da matatar iska da iskar taya. In tsufan inji ya rage wani abu, za a gani, amma ba zai kai haka ba.

Maganar leda kuwa, a'a. Kin tambaye ni ko zalunci ne. Zalunci ne, kuma ba a kan Uwaliya zai sauka ba. Naja'atu me ta yi miki? Sirrin nan ma ba naki ba ne, na fararen kayan da kike sawa ne. Ranar da kika faɗe shi, aikinki ya tafi, babu macen Garo da za ta sake buɗe miki cikinta, waɗanda suka yi shewa kuma za su ce da ma mun faɗa. Ina zaton tsoron bakinki ne ya sa ta riga ki, don in kin yi magana wata rana a ce maƙaryaciya ce. Kada ki gaskata tsoronta. Kina cikin wannan fushi kika hana alƙalaminki rubuta min sunan ciwon, to bakinki ma zai iya.

In gaskiya ta fito, kada ki karɓi mabuɗin nan a ɗaki. Ki ce a tsakar gidan da aka ɓata ki, a gaban yayarsa, nan zai miƙo miki shi, ya faɗa da bakinsa wanda ya tsaya a kan makanike aka cire ƙarfen. Wannan hakkinki ne, kada ki yafe shi don kunya.

Ranar Juma'a ki ci ado ki je kamu, ki yi wa Naja'atu addu'a. In wata ya ƙare, ki karɓo maganin kamar kullum, ki ƙunshe a baƙar ledar, ki shiga motarki ki kai mata har ɗaki, ki rufo ƙofa sannan ki miƙa. Ki bar ta ta ɗago ido ta kalle ki, in za ta iya.

Allah ya huci zuciyarki, ya daidaita tsakaninki da maigidanki, ya sa a yi biki lafiya.

Baba Hammadu